Sukari a Shafin Haƙƙin Ɗan Adam

Lauya ya ja tsaki, ya sake gogewa.

Gobe ƙungiyarsu za ta fitar da shafin da suke gyarawa tare a intanet, mai fayyace ma'anar take haƙƙin ɗan Adam. Amma wani mai kiran kansa "Mai Haƙuri" ya hana shi sakat. A ƙarƙashin sashen "azabtarwa" ya rubuta: hana mutum sukari a shayi. Lauya ya goge. Sai ga: ɓoye gishiri. Ya goge. Sai ga: tilasta wa babba zagaya gida da sassafe, wai motsa jiki.

Ransa ya ɓaci. Ya rubuta, "Ko wane ne kai, da gani ba ka da tarbiyya." Ya toshe shi.

"Wane marar kunya ne ya rufe ni?"

Mahaifiyarsa ce ta fito daga ɗaki, tabarau a kan hanci, waya a hannu.

"Hajiya, ke ce? Likita ne fa ya ce..."

"Yau ni ce marar tarbiyya? Buɗe shafin ka ƙara: hana uwa faɗin albarkacin bakinta. In ka gama, miƙo min sukarin."