Gyaren Katako

Narelle ta ɗago kifin cikin kwalekwale, sai ta ga ƙugiya biyu a bakinsa, tata da wata.

"An riga ki, uwargida," in ji mijinta Darcy. "Ragowar wani kika kamo."

Ba ta yi dariya ba. A jikin ɗaya ƙugiyar akwai gyare na katako, ƙwaron ƙarya irin wanda ake jefawa bisa ruwa a yaudari kifi. Ta san hannun da ya sassaƙa shi. Duk kogin Nymboida, babanta kaɗai ke ɗaure fikafikan da jan zare. Kowane jika aka haifa masa, sai ya sassaƙa guda, ya zana sunan jaririn da wuta a ƙasansa.

Shekara shida ke nan da ambaliya ta tafi da baban nata. Ba a ga gawa ba.

"Tsoho ne, ruwa ya tono," in ji Darcy, murya ƙasa-ƙasa.

Amma fentin ko dusashewa bai yi ba, ƙugiyar kuma ba tsatsa. Ta juya gyaren, ta karanta: "Imogen."

"Wace ce kuma Imogen?"

Narelle ta dafa mararta. Ko cikin ba ta gaya masa ba tukuna, balle sunan da ta zaɓa.