Baƙin Ƙyallaye a Kwandon Gwana

Ranar Talata Gwana ta sake tsintar baƙon ƙyalle a kwandonta. Shuɗi ne mai ratsin zinariya, irin yadin da rabon a kawo mata ɗinkinsa har ta manta.

Wata huɗu ke nan da basirarta ta ƙafe. Telar da a da take yi wa mace kallo ɗaya ta zana mata riga a bayan kwali, yanzu in aka shimfiɗa mata turmin atamfa sai ta riƙe almakashi ta yi ta zufa. Masu kawo ɗinki suka gaji da "ki dawo jibi", suka koma wurin Doguwa, abokiyar shagonta, wadda kekenta ke fuskantar nata.

Don kada hannu ya mutu, Gwana ta koma haɗa ƙyallaye. Ta yanka su ƙanana, ta jera launi kusa da launi, ta sa siririn soso a tsakiya, ta bi da ɗinki layi-layi, su zama 'yan shimfiɗun ɗora faranti a kan tebur. Ƙyalle ba ya ba ta tsoro, don in ya ɓaci ba mai yin kuka.

Sai da nata suka kusa ƙarewa baƙin suka fara zuwa. Yau biyu, gobe biyar, kullum a can ƙasan kwando, kullum masu tsada. Da fari ta yi murna, ta ɗinke su. Aikin ya yi kyau har wata mai gidan abinci ta ce a yi mata guda ashirin da huɗu. A nan ne Gwana ta fara tambayar kanta daga ina ƙyallayen nan suke fitowa.

Ruwa ba ya tsami banza. Ba abin da ke kashe tela kamar a ce tana cin yadin mutane. Shimfiɗun nan kuwa a bainar jama'a za a baza su. Ya isa mace ɗaya ta ɗaga farantinta ta ga atamfarta a ƙasa, sunan Gwana ya gama yawo kafin la'asar. Makullin shagon kuma biyu ne kacal, ɗaya a jakarta, ɗaya a jakar Doguwa.

Ta fara sa ido. Doguwa ta yi dariya a waya, Gwana ta ce da ita ake. Doguwa ta yaba shimfiɗun, Gwana ta ce lallai biri ya yi kama da mutum. Ta ɗauko ƙyallayen ta karanta su yadda tela ke karanta yanka: ga lanƙwasar wuyan riga, ga ta hammata, amma duk a karkace, bakinsu cako-cako kamar ɓera ya ci. Wato da gangan aka ɓata yankan don kada a gane hannu. Har da warin kafur a jikinsu, don a rufe turaren masu su.

Da rana Inna, mahaifiyarta, ta kawo mata abinci kamar kullum, ta zauna a kujerar gefen kwando tana huci saboda matakalar shagon. Da Gwana ta dawo daga wanke hannu, ta raɗa mata komai.

"Ke dai kin cika tsegumi," in ji Inna, tana gyara filastar da ke babban yatsanta. "Ƙyalle ai ƙyalle ne. Hannunki na tafiya ko ba ya tafiya?"

"Yana tafiya, Inna, amma rami ake haƙa mini."

"To ci abincinki."

Ranar Alhamis, saura kwana ɗaya mai gidan abinci ta zo karɓa, Gwana ta tarar da sababbi guda bakwai. Haƙurinta ya ƙare. Ta kwashe su ta zube a kan teburin Doguwa, a gaban mata biyu da suka zo awo.

"Yadin wa kika yanka kike zuba mini?"

Doguwa ta ɗaga ƙyalle ɗaya ta duba shi a haske. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi ihu ciwo.

"Shekara tara muna shago ɗaya, yau ni ce ɓarauniya? Dubi wuyan nan da kyau. Wane kai ne zai shiga nan, na kyanwa? Ko barci nake yi ba zan yi wannan yanka ba."

Matan biyu suka kalli juna, suka naɗe yadinsu suka fita. Gwana ta ji kunya ta rufe ta, ga haushi bai sauka ba. Ta rufe kekenta tun kafin la'asar, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nufi gida da niyyar gaya wa Inna cewa ta bar shagon nan har abada.

Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take. Tsohuwar na zaune a ƙasa, tabarau a ƙarshen hanci, akwatinta na ƙarfe a wangale, wanda ta yi shekara talatin tana tara turamen atamfa a ciki ba ta bari ko a leƙa. Warin kafur ya cika ɗakin, turmi biyu kacal suka rage a akwatin. Na uku na shimfiɗe a gabanta, sabo fil, ta kifa masa murfin kofi tana zagaye shi da almakashin kicin, tana ƙoƙarin fitar da abin da zai yi kama da wuyan riga.