Gwanin Majalisa da Labarin Mai Kifi

Zauna in ba ka misali, tunda ka ce aikin wane ya tsaya maka a rai.

An yi wani mutum, gwanin labari na gaske. In ya buɗe baki a majalisa, har shayi ya huce a kofi ba wanda ya lura. Shi da wani abokinsa mai sanyin magana suka shiga wata cibiyar koyon shirya labari a waya, irin wanda mai karatu ke zaɓar hanya da kansa: in ya danna nan a hau kwalekwale, in ya danna can a bi ta gada, kowace hanya da abin da za ta haifar. Malamar cibiyar ta ce ranar yaye su labari ɗaya za a haska wa jama'a, kuma shi za a kai makarantun garin. Gwanin nan tun a ranar ya kai wa tela ɗinkin da zai sa. To amma mutum ne da bai saba a katse shi ba, balle wani ya zaɓa masa inda labari zai dosa, sai aikin ya yi masa tauri. Abokin kuwa, da yake ya daɗe a sahun masu sauraro, ya san inda ransu ke son a karkata. Ya shirya labarin wata mai fataucin kifi da ambaliya ta tare a hanya, 'yan aji suka yi ta karɓar wayarsa hannu-hannu. Baƙin ciki ya cika gwanin, har tuwo ya daina yi masa daɗi. Wai wannan, da ko sallama ya yi sai an ce ya ɗaga murya!

Sai ya jingine nasa, ya tare a labarin abokin yana neman abin kunyata shi. Ya bi kowace mararraba, ya danna abin da mai hankali ba zai danna ba, ya koma baya ya sake. Ya kuwa samu. Nan hoto ya ƙi fitowa, can mai kwalekwale ya nutse sai ga shi a gaba yana tuƙi, can kuma hanya ta yanke ba gaba ba baya. Duk aibin da ya tono sai ya ɗauki hotonsa ya watsa a zauren sada zumunta na ajin a waya, ya bi shi da "Allah ya kyauta." Abokin ba ya cewa komai sai "Na gode," ya je ya gyara. Waɗanda ba su ma san da labarin ba suka leƙa don ganin aibi, labari ya riƙe su, suka tura wa 'yan'uwa.

Ranar yaye aka haska labarin mai kifi a bango. Jama'a na ta ihu, wasu gada, wasu kwalekwale, kuma duk ta inda aka bi hanya sumul. Malamar ta ce ba ta taɓa ganin aikin ɗalibi da aka tace haka ba. Abokin ya miƙe, da zuciya ɗaya, ya nuna gwanin ya ce ga wanda ya tace masa nan. Aka yi ta tafa wa gwanin yana zaune, nasa labarin na cikin aljihu bai wuce mararrabar farko ba. Tafin nan ya fi masa zagi ciwo.

Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.