Kyaftin na Ranar Asabar

Karo na uku ke nan a wata ɗaya Darlene Pardy tana goge aman ɗanta a ƙasan banɗaki, kuma duk ranar Asabar ne.

Ɗanta Corey shekararsa tara. Yaron da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu ya cinye farcensa har jini, in aka buga ƙofa sai ya zabura. Likita ta ce ciwon fargaba ne, ta tambayi awa nawa yake yi a gaban gem, wasan bidiyon nan. Darlene ta fito asibiti tana huci. To, ashe wannan baƙin akwatin gem ɗin ne!

Mu nan Marystown rabin mazan gari suna can lardin Alberta mai nisa wajen haƙar mai, sati uku can, sati ɗaya gida. Mijinta Wince ma haka, kuma shi ya sayo akwatin. Da ta faɗa masa a waya, dariya ya yi.

"Haba Darlene, wasa ne fa. Kar ki mayar min da yaro rago."

Ta kashe wayar don haushi, ta je ta fizge filogin. Corey ya zube ƙasa ya riƙe ƙafarta.

"Mama, don Allah! In ban shiga ƙarfe huɗu ba Kyaftin zai yi fushi."

"Wane ne Kyaftin?"

Shugaban ƙungiyarsu ne a gem ɗin, wanda ke ba da umarni ta abin kunne. Babba ne, ba yaro ba. Sauran 'yan ƙungiyar ma duk manya ne. Iya abin da ta iya tatsa ke nan. Da ta matsa, sai yaron ya ce sirri ne na maza, an hana shi faɗa.

Zuciya ta ɗebe ta. Wani ƙaton banza, mara aikin yi, yana zaune a wata uwa duniya yana cinye mata ɗa da ransa? Ta rantse sai ta ji muryarsa, ta naɗe ta a waya, ta kai wa 'yan sanda.

Asabar ta zagayo. Tun hantsi Corey ya ƙi cin komai, ko soyayyen kifin da yake mutuwar so. Huɗu saura kwata ta tura shi gidan kakarsa yana kuka, ta kulle ƙofa. Ta kira Wince don ya zama shaida, bai ɗauka ba. Ta yi tsaki, ta zauna a kujerar yaron, ta ɗora abin kunnen a kanta. Gefensa duk shatin haƙora ne.

Ba ta iya wasan ba, ko kusa. Ɗan sojan da ke kan allon ya yi ta karo da bango, ya harbi nasu, ya faɗa rami. Ta ji maza suna ƙyalƙyala dariya, wani yana cewa yau ma ɗan tsakon ya kashe su.

Ta danna naɗin murya, ta cika baki da zagin da ta kwashe sati tana tanadi.

Sai Kyaftin ya yi magana.

"Kai wane irin sakarai ne? Sau nawa zan nuna maka? Kuka za ka fara kuma, ko?"

Ta san wannan muryar. Wayar ta zame daga hannunta ta faɗi kan kafet, tana ci gaba da naɗa.

"Shiru ka yi min? Ɗan cikina, kana ba ni kunya a gaban abokan aikina! Bari in sauka daga jirgi ranar Talata. Kuma ka kuskura ka gaya wa uwarka, ka gani."