Jan Fenti a Jikin Ƙirya

Zulaihat ta zagaya igiyar awo a gindin tsamiya, ta duba, ta danna wayarta, sannan ta shafa wa itacen jan fenti. Aikin ke nan da ofishin gandun daji ya turo ta yi a Tambuwal: ƙidayar itatuwan gari kaf, wai don a san yawan inuwar da suke bayarwa, da hayaƙin da suke sha, da ruwan da suke riƙe wa ƙasa. Shekarun da ta yi a makaranta sun kai ta ga gano cewa inuwa tana da sanyi.

An gaya mata manyan baƙi za su zo su ga itatuwan da idonsu. In sun same su yadda ta rubuta, garin zai samu gidan renon dashe, ita kuma a tabbatar mata da aiki. In ba su samu ba, sai ta koma ɗakin uwarta da takardunta.

Allah ya haɗa ta da Namadi, wani dattijo mai kaurin hannu daga wajen Fakku. Shi ya kawo kansa, ya ce zai riƙe mata gwangwanin fenti saboda Allah, ba ya son ko sisi. Zulaihat ta ce irinsu sun yi ƙaranci a duniya.

Namadi yana son itace, ba ƙarya. Dogon yaro bai dame shi ba, dangwala masa fenti yake ya wuce. Amma in ya ga ƙirya ko maɗaci, sai ya rungume gindin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya kara kunne. Ta tambaye shi dalili, ya ce gaisawa suke.

Manyan itatuwan suna cikin gidaje, inda baƙon namiji ba ya shiga. Takardar ofis ta buɗe musu ƙofa. Mata su shige ɗaki, Zulaihat ta yi awo ta fita, Namadi ya tsaya a zaure yana yi wa maigida bayani da harshen da zai gane. Ita dama bayaninta rabinsa Turanci ne.

Da ta dawo duba unguwar farko, sai ta tarar da kututture inda ta bar ƙirya. Ta leƙa gida na gaba, haka. Ta tambayi maigidan, ya kalli gwangwanin fentin, ya kalli ƙasa, ya ce iska ce. Iskar ta yi ladabi ƙwarai, ta yanke itacen daidai gwiwa, ta kwashe rassan.

Wata tsohuwa, Dada, ita kaɗai ta faɗa mata a fuska.

"Ke ɗiyan nan, mun san jan fenti. Da anka faɗaɗa hanya, duk katangar da anka shafa ma shi rushe ta anka yi. Gara mu saida iccenmu da hannunmu kafin ku ɗauka kyauta."

Zulaihat ta rantse ba haka ba ne. Ta tambaye ta wa ya ce gwamnati za ta ɗauka, Dada ta ce kowa ya sani. Ta tambaye ta wa ke saye, Dada ta ce wasu samari ne masu gatura, ba ta tambayi sunan ubansu ba.

Nan take ta yi dabara irin ta masu ilimi. Ta tura Namadi ya bi gida gida, duk inda aka shafa fenti, ya kwantar wa mutane da hankali. Bawan Allah ya bi, bai tsallake ko ɗaya ba. Cikin makon nan itatuwan da suka rage suka kwanta su ma.

Baƙi na hanya, waya cike da itatuwa, gari cike da rana. Wani ɗan acaɓa ya ce mata ya ga ana wucewa da gungume ta hanyar Kebbe. Ta hau bayansa, suka sha gargada har kasuwa.

Can ta tarar da sababbin turame jere reras, da taɓare, da akusa, ƙanshin ɗanyen itace bai bar su ba. Wata mata tana zaune tana tsaron su. Zulaihat ta danne fushinta, ta ce tana son ganin masassaƙin.

"Ai maigidan bai nan, Hajiya," in ji matar tana gyara zama. "Ya samu aikin gwamnati can Tambuwal, shi ka riƙe ma masu ƙidayar icce fenti."