Hoto na Ɗaya

Sau biyu mujallar likitoci ta dawo wa Likita da maƙalarta, kuma ba wanda ya karanta abin da ke ciki. Da farko sun ce tazarar layuka ta yi kaɗan. Na biyu suka ce jerin manazarta bai bi tsarinsu ba. Yau ƙarfe huɗu za a rufe karɓa, edita kuwa ya rubuto cikin ladabi cewa babu zagaye na uku.

Shi ya sa ƙarfe ɗaya ta yi mata a ɗan ɗakin da ke bayan laburaren asibiti, gaban tsohon da kowa ke kira Baba Waƙafi. Shekara talatin yana gyara wa likitoci rubutu, kuma ya daɗe da yanke hukunci cewa mutum na iya buɗe ciki ya ɗinke lafiya lau, amma ya kasa sa aya a muhallinta.

Ya gyara tabarau ya hau aiki. Ita ta tsaya a bayansa, hannuwa cikin aljihun farar rigarta, tana ba da umarni da baki. Manyan likitoci ke nan, ya ce a ransa, ko kwamfutar ba za su taɓa ba.

Maƙalar a kan wata mata ce mai shekara arba'in da ɗaya, wadda yatsunta suka fara sandarewa da safe. Likitoci biyar suka duba ta cikin shekara uku. Wannan ya ce gajiya, wancan ya ce sanyi, wani ma ya ce ta rage tunani. Kafin a gano ainihin ciwon, yatsu biyu sun lanƙwashe, ba za su sake miƙewa ba. Likita ta tattara alamomin da aka yi ta tsallakewa, don wanda ya karanta ya gane ciwon tun da wuri.

Baba Waƙafi bai damu da wannan ba tukuna. Ya buɗa layuka, ya sa wa kowanne lamba, ya kori teburan alƙaluma zuwa shafin ƙarshe. Manazarta ashirin da bakwai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsaki, kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Sannan ya goge sunan Likita daga ko'ina, don masu bitar maƙala ba sa son sanin wanda suke yanka.

A wajen taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙalar aka yi rigima. Mujalla ta ce kalma ɗari biyu da hamsin, Likita ta rubuta ɗari biyu da saba'in. Ya ɗora yatsa a kan wata jimla, inda aka ce matar ta kasa ɓalla wa 'yarta maɓallan rigar makaranta, har yarinyar ta koyi yi da kanta tana shekara huɗu.

"Wannan ba kimiyya ba ce, Likita. Labari ne."

"Ita ce alamar farko, Baba."

"To a sa ta a ciki, shafi na uku. Nan ba ta da wurin zama."

Ta daɗe tana kallon jimlar kafin ta ce ya cire. Shi kansa sai ya ji ba daɗi, ya kai jimlar shafi na uku bai taɓa mata ko harafi ba.

Wayarta ta yi ƙara. Ba ta ciro ta ba, ta bar ta ta gaji. Ta ce mijinta ne, kuma ta san tambayar: wa zai ɗauko yarinya daga makaranta, alhali da safe shi ya ce zai je.

Hoto na ɗaya ya ci musu rabin awa. Hannun matar ne a kan farin ƙyalle. Ƙa'ida ta ce kada a bar abin da za a gane mutum da shi, don haka Baba ya datse inda zobe yake. Akwai wani ɗan tabo mai siffar jinjirin wata a gindin babban yatsa, amma ya yi kusa da gaɓar da ake son nunawa, dole ya bar shi. Ya ƙara wa hoton haske, ya tsaya yana kallon yatsun nan biyu.

"Likita biyar," ya ce. "Allah sarki, baiwar Allah."

Ƙarfe huɗu saura kwata suka shiga shafin mujallar na intanet. Maƙala ta hau, tebura suka hau, hoto ya hau. Baba har ya fara jingina da kujera sai ga jan rubutu a ƙasa: ba za a karɓa ba sai da takardar amincewar mara lafiya, da sa hannunta.

Aikin awa uku zai tafi a banza, kuma babu zagaye na uku.

"Tana ina? Kina da lambarta? Ko tana kwance a nan ne mu aika?"

"Buga takardar kawai, Baba."

Ya buga, firinta ta yi nishinta ta turo. Amma da ya ga Likita ta matso kusa da tebur tana neman biro da ido, sai ya dafe takardar da tafinsa. Ransa ya ɓaci sosai, don ya fara ganin girmanta.

"A'a, 'yata. Na gyara waƙafi, na gyara aya, amma ban taɓa gyara sa hannun wani ba. Gara mu rasa mujallar."

Likita ta yi murmushi, karo na farko tun ƙarfe ɗaya. Ta ce ya ba ta biron nan mai kauri, siririn yana ba ta wahala.

Sannan ta zaro hannunta daga aljihu, Baba Waƙafi ya ga yatsu biyu a lanƙwashe, da ɗan tabon nan mai siffar jinjirin wata da ya kasa datsewa.