Masarar Malam Mati

Farfesa Sekinat ta buga tebur a gaban manoman Tsiga.

"Ku daina ɗora wa manhajata laifi! Shukarku ta ƙone ne don ba ku bi ranar da wayar ta ce ku shuka ba. Ku dubi masarar Malam Mati. Da sakamakon gonarsa na zama farfesa."

"Mun bi, Hajiya," in ji wani dattijo. "Shi ya sa muka yi asarar iri."

Ranta ya ƙara ɓaci. Ta juya ga Malam Mati. "Malam, gaya musu yadda kake amfani da wayar."

Mati ya sosa ƙeya. "Ai tun ranar da kika ba ni ita take hannun iyali, suna sauraron wa'azi. Ni sai na ga shamuwa ta sauka nake shuka."